Daɓen da za a fasa sau biyu

Yau da murna na fita. Tun jiya dillali ya kira cewa ya samo irin wurin da nake nema don asibitin haƙori: ƙasan bene, bakin titi, ga filin ajiye mota. Na bar wa abokiyar aikina majinyatan safe, muka tafi da Yaya.

Wurin ya yi. Haske ta ko'ina, babu matakala ko ɗaya, abin da na daɗe ina so saboda tsofaffi da masu keken guragu. Ina shiga na fara rabawa da ido: nan ɗakin jira, nan kujera ta farko, can lungu injin iska don kada ƙararsa ta dami mutane. Har Yaya ya ce in bari mu ji kuɗi tukuna.

Kuɗin hayar bai girgiza ni ba, na san na birni ne. La'adar dillali, kuɗin ajiya, na mai gadi da shara, duk na sa su a lissafi. Abin da ya tsaya min a rai maganarmu ce da mai ginin.

Na ce, "Alhaji, sai fa an fasa daɓen nan." Ya dube ni, ya dubi sabon tayil ɗinsa. Na yi masa bayani cewa kujerar haƙori ba kawo ta ake yi a ajiye ba. Bututun ruwa, na fitar da ruwan datti, na iska, na zuƙe yawu da jini, da wayar wuta, duk ta ƙarƙashin daɓe suke bi su ɓullo gindinta. Ɗakin ɗaukar hoton haƙori (X-ray) kuma sai masani ya duba bangonsa, in bai kai kauri ba a ƙara dalma, don kada hasken na'urar ya ratsa bango ya cutar da mai shagon da ke bayansa. Na'urar dafa kayan aiki, wadda zafinta ke kaiwa 134 a ma'aunin Salshiyas, ita ma tana jan wuta sosai.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Likita, ki fasa abin da za ki fasa. Amma ranar da za ki tashi, ki mayar min da wurina yadda kika same shi. Shekara 2 nake bayarwa, in ta cika a sake zama."

Tun a mota nake juya wannan magana. Ke nan in biya a fasa, in sake biya a toshe. Shekara 2 kuwa ba ta isa a mayar da kuɗin gyara ba, balle na kujera. Kuma ranar da za a sake zaman, da wane ƙarfi zan yi ciniki? Bututuna na binne a ƙasarsa, majinyatana sun san ƙofar. Mai sayar da kaya zai iya kwashe shagonsa a dare ɗaya, ni ba zan iya ba, kuma ya sani.

Na roƙi shekara 10, a rubuta yadda haya za ta riƙa ƙaruwa, a ɗauke min kuɗin watannin gyara tunda ba majinyacin da zan duba, a kuma yarda in miƙa wa wani likita hayar in wata rana na sayar da asibitin. Ya ce zai yi shawara, amma akwai wanda zai biya yau ba tare da ya taɓa tayil ko ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba. Ciwo dai ya yi min.

Da rana ciko uku, cirewa ɗaya. Wani yaro ya ƙi buɗe baki sai da na bar shi ya riƙe madubi.

Abban yara ya ce kada in sa hannu a komai sai lauya ya karanta. Inna ta ce in yi ta addu'a, rabona ba zai wuce ni ba.

Zanen ɗakunan da na yi a bayan ambulan yana nan kan tebur. Ɗazu na ƙara masa wurin wanke hannu.