Rabin mintin da ni da Baba muke gardama a kansa tun 2016

Mahaifina ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa. Ba shahararre ba ne, irin 'yan kokawar kaka ne, waɗanda in an kai amfani gida ake share musu fili a bayan gari, a kira makaɗa, a yi ta yi har wata ya faɗi. Yana da wani ƙulli a kafaɗar hagu da yake cewa tukuicin wani Bagobiri ne. Yayyena maza duk ƙwallo ta ɗauke musu hankali, sai ya zamana ni, 'yarsa mace, ni na gaji zama kusa da shi in ana nuna kokawa. Ta haka muka san Natalia Vorobieva, wadda har yau Baba bai taɓa kiran sunanta daidai ba. "'Yar Rashan nan" yake ce mata.

Ranar 9 ga Agusta 2012 ce, cikin azumi, wajen shan ruwa. Ana wasannin Olamfik a Landan, ina kai-komo tsakanin kicin da falo da kofin kunu a hannu. Wasan ƙarshe ne na mata 'yan kilo 72. A gefe guda Stanka Zlateva ce ta Bulgariya, wadda ta ci kofin duniya sau biyar, kuma a Beijin a 2008 ta tsaya a azurfa, don haka kowa ya ɗauka ta zo karɓar abin da ya kufce mata ne. A ɗaya gefen wata doguwar yarinya ce 'yar shekara 21 da ba mu taɓa jin labarinta ba. Tun da farko Baba ya fara faɗa da talabijin. Da gwiwar ɗaya ta taɓa ƙasa sai ya ce, "Ai ta faɗi, me ake jira?" Na ce, "Baba, su nasu ba haka yake ba. Sai an danne kafaɗun mutum duka biyu a kan katifa, in ba haka ba maki ake ƙirgawa." Ya ce wace irin kokawa ce mutum zai faɗi ya tashi ya karkaɗe jiki a ci gaba.

Zlateva ta ɗauki turmin farko, irin cin tsofaffin hannu, ba hayaniya. A na biyu ne yarinyar nan ta samu kafa, ta birkice ta, ta bi ta da nauyinta duka, ta maƙale. Alƙali ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin kafaɗa, sannan ya bugi katifa da tafin hannu. Shi ke nan. Baba ya ajiye dabinon da ke hannunsa ya ce, "To, wannan kam kaye ne ko a garinmu." Daga baya na gano cewa kafin ta iso nan ta riga ta kawar da Wang Jiao ta Sin, wadda ita ce ta hana Zlateva zinare a Beijin, da kuma Guzel Manyurova. Ita Manyurova abin nata da ban sha'awa: ita ta ciwo wa Rasha azurfa a wannan ajin a Atens a 2004, shekarar da aka fara shigar da kokawar mata cikin Olamfik, daga baya ta koma yi wa Kazakistan wasa. Ke nan a yini guda Vorobieva ta wuce ta kan masu lambobin Olamfik har uku, ta zama mace ta farko da ta ciwo wa Rasha zinaren Olamfik a kokawa.

A garin Tulun aka haife ta, ranar 27 ga Mayu 1991. Ƙaramin gari ne a lardin Irkutsk, can cikin Siberiya, a bakin kogin Iya, inda titin jirgin ƙasan da ya ratsa Rasha daga yamma zuwa gabas ya bi. Tun tana yarinya ta shiga ɗakin kokawa a nan, daga baya ta koma San Fitasbag inda ta ci gaba da samun horo. Kafin Landan ta riga ta gagara a gasar matasa ta duniya, mu ne dai ba mu sani ba.

Bayan Landan sai kiɗa ya canza. A Fabrairun 2013 shugabannin kwamitin Olamfik suka ba da shawarar a cire kokawa daga wasannin 2020. Hankalin masu harkar ya tashi, shugaban hukumar kokawa ta duniya ya sauka, Nenad Lalovic na Sabiya ya hau, aka yi wa dokoki garambawul, har aka samu a watan Satumba a Buenos Aires aka dawo da ita. Da turmi uku ake yi na minti biyu-biyu, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Sabuwar doka ta mai da shi turmi biyu na minti uku-uku, a tara maki daga farko zuwa ƙarshe. Aka kuma ƙaro wata doka da za ta shafi labarin nan: in alƙali ya ga ɗan wasa yana noƙewa, zai sa masa agogo na daƙiƙa 30, in bai ci maki a ciki ba a bai wa abokin karawarsa maki ɗaya. Ajujuwan mata a Olamfik suka tashi daga huɗu zuwa shida, amma kilo 72 ya ɓace, ya zama sai dai 69 ko 75. Vorobieva ta zaɓi ta sauko 69. Duk macen da ta taɓa ƙoƙarin rage kilo uku ta san abin da nake nufi, balle jikin da babu kitse a cikinsa sai tsoka.

A gasar duniya ta 2013 a Budapest azurfa ta samu, a Tashkent a 2014 tagulla. Sai a Las Vegas a 2015 ta ci kofin duniyarta na farko, ta doke Zhou Feng ta Sin a wasan ƙarshe. Wannan gasar na bi ta a waya saboda tamu, Odunayo Adekuoroye, wadda ta ciwo wa Najeriya tagulla a kilo 53.

Yanzu ga inda gardamar take. Daren 17 ga Agusta 2016, Olamfik na Riyo, wasan ƙarshe na kilo 69, ita da Sara Dosho ta Japan. Lokacin na yi aure, amma na zo gida ganin Inna da ba ta jin daɗi, ba wuta, sai muka jingina wayata da butar Baba a kan tabarma, mu biyu muka sunkuya a kanta kamar masu duba. Wasan bai yi armashi ba. Hannu a wuya, goshi da goshi, turereniya. Vorobieva ta fi tsawo, ta riƙe tsakiyar katifa, ta hana Dosho shiga ƙafafunta. Aka sa wa Dosho agogo, ba ta ci ba, maki ɗaya. Aka sake, maki biyu. Biyu da babu, lokaci yana ta tafiya. Na fara murna. Baba bai ce komai ba sai girgiza ƙafa, can ya ce, "Ta daina kokawa, gadi take yi." Saura kamar rabin minti Dosho ta nutse ta cafko ƙafa, ta kai ta ƙasa. Maki biyu. Aka tashi biyu da biyu, aka ɗaga hannun Dosho, domin a doka in an yi kunnen doki, wanda ya ci maki biyu a kamu guda ya fi wanda ya tara ɗai-ɗai. Na daɗe ina kallon wayar bayan ta mutu.

Matsayar Baba ba ta taɓa motsawa ba. A wurinsa wadda ta danne Zlateva a Landan ba ita ce ta shiga fili a Riyo ba. Ta Landan ba ta da abin da za ta rasa, sai ta kai hari. Ta Riyo ta shigo da suna a ka, ta ga maki biyu sun faɗo mata a tafi ba tare da ta kayar da kowa ba, sai ta rungume su tana jiran ƙararrawa. Yakan ce a zamaninsu wanda ya fara kallon makaɗa yana jiran a raba, to ƙasa na kiransa.

Ni kuma ina ganin Baba bai yi mata adalci ba, kuma hujjata ita ce abin da ya faru a wannan daren gaba ɗaya. Wasannin ƙarshe uku aka yi na mata, Japan ta kwashe ukun, kuma duka a ƙurarren lokaci ta ƙwace su daga hannun wadda ke gaba. A kilo 48 Eri Tosaka ta juyar da wasa a kan Mariya Stadnik ta Azarbaijan ana dab da tashi. A kilo 58 Valeria Koblova, ita ma 'yar Rasha, tana gaban Kaori Icho har saura 'yan daƙiƙu, Icho ta kai ta ƙasa ta ci zinarenta na huɗu a jere. In abu ya faru sau ɗaya a ce sakaci ne, amma sau uku a dare guda, wannan horo ne. Matan Japan sun gina kokawarsu a kan numfashi da saurin shiga ƙafa, suna bari ki gaji da turawa na minti biyar, sannan su zo. Kuma ita dokar agogon nan ita ke koya wa mutum gadi: tana biyanki ladan riƙe tsakiya har ki saba, sannan a ƙarshe ta ce ladan nan bai kai kaye ɗaya ba. In na kawo wannan sai Baba ya ce, "Uwata, bar zancen Japan. Ita ta nemi ta kayar? Sau nawa?" Gaskiya a nan bakina yakan mutu.

Inda muka haɗu ni da shi guda ne. Shugaban hukumar kokawa ta Rasha, Mikhail Mamiashvili, wanda shi kansa ya ci zinare a Seoul a 1988, ya fito gaban 'yan jarida ya caccaki Vorobieva da Koblova saboda sun saki zinare. Da na karanta wa Baba, ya ce ko da maganar mutumin tana da ƙamshin gaskiya, ba a yi wa wanda ya faɗi faɗa a fili ƙura ba ta kwanta ba. A gida ake yi, bayan ya ci abinci.

Daga nan ta ɓace. Na ɗauka ta ajiye ke nan, kuma da ta ajiye ba mai ganin laifinta: zinare da azurfa na Olamfik, ga kofin duniya. A 2018 ta haifi ɗa namiji. Ni ma a wannan shekarar na yi haihuwar fari, shi ya sa abin da ya biyo baya ya tsaya mini a rai fiye da Landan. Na san yadda jikina ya koma. Bayan na gama wankan jego, ga kunun kanwa, ga gashi, ga Inna tana tsaye a kaina, amma wata shida bayan nan in na ɗauki bokitin ruwa sai na ji kamar bayana zai rabe biyu. Cikin mace bayan haihuwa ba ya riƙe komai, kuma kokawa daga ciki da ƙugu take fitowa. Sai ga shi a Satumbar 2019, a Nur-Sultan, wannan matar ta dawo kilo 72, ta doke Alina Berezhna ta Yukren a wasan ƙarshe, ta ci kofin duniya na biyu. A wannan bazarar ce kuma kogin Iya ya yi ambaliya ya cinye unguwanni a garinsu Tulun. Odunayo ma ta sake samo tagulla a gasar, a kilo 57.

Baba, da yake ba ya barin magana ta wuce, ya tambaye ni su wa ta kayar. Dole na faɗa masa gaskiya: kilo 72 ba ya cikin ajujuwan Olamfik, kuma a wannan gasar ake neman gurbin zuwa Tokyo, don haka manyan giwaye sun tafi 68 da 76, inda Tamyra Mensah-Stock da Adeline Gray na Amurka suka yi nasara. Ya ce, "Ka ji." Na ce, "Baba, da kai ka taɓa haihuwa da ba ka ce ka ji ba." Inna ta yi dariya har da tari. Bai sake tayar da maganar ba ranar.

A farkon 2020 ta ƙara da kofin Turai a Rum. Don ta je Tokyo kuwa sai da ta hau kilo 76, cikin matan da suka fi ta girman jiki. Ta samu gurbin, ta kuma kai wasan ƙarshe na Turai a Warso a 2021, inda Epp Mae ta Estoniya ta doke ta. A Tokyo ba su shiga da tutar Rasha ba saboda hukuncin da aka yanke wa ƙasar kan badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari. Ta tsallake Samar Hamza ta Masar da ƙyar, sannan ta gamu da Aiperi Medet Kyzy ta Kirgistan, yarinya 'yar shekara 22, wadda ta yi mata fintinkau. Aline Focken ta Jamus, wadda ta ci Tashkent a 2014, ita ta ɗauki zinaren. Mu kuwa a gidanmu makon nan hankali yana wani wuri, don a ranar 3 ga Agusta Blessing Oborududu ta ciwo wa Najeriya azurfa a kilo 68, lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta taɓa samu a kokawa. Baba har goro ya raba a ƙofar gida.

Da sallar da ta wuce na je gida da yara. Idon Baba ya yi rauni, sai ya kai waya kusa da hanci yake gani. Bayan la'asar ya ce, "Uwata, nemo mini 'yar Rashan nan." Na ce wanne, na Landan? Ya ce a'a, na Riyo. Na kunna, na tura shi zuwa minti na ƙarshe don in rage cin data. Ya ce in mayar baya, tun daga inda aka ba ta maki na biyu, akwai wani wuri da ƙafar 'yar Japan ta dama ta fito gaba, yana so in gani da idona.