Ranar da 'yar shekara tara ta karɓe min taswira

Ƙarfe tara saura muka isa bakin dajin, ni da maman yara da yaranmu uku: babbar mai shekara tara, wadda ƙannenta ke kira Yaya, sai namiji ɗan shekara shida, sai auta mai huɗu da ya fara cewa a ɗauke shi tun ba mu yi taku ashirin daga mota ba. Wasan neman hanya da taswira da kamfas ya kawo mu. Ana ɓoye tutoci a cikin daji, a ba ka taswirar da ta nuna inda suke, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka dawo.

Dattijon da ke teburin rajista ya miƙo mana taswira, da kamfas, da kati mai gidaje bakwai, da usur ɗaya. Ya ce tafiyar kilomita biyu ce kawai, ta iyalai. Da na tambaye shi asalin abin, ya ce horon sojojin Suwidin ne a ƙarshen ƙarni na 19, farar hula kuma suka fara gasarsa a Norwe a 1897, har aka kafa masa ƙungiya ta duniya a 1961. Daga nan ya shiga bayanin launuka. Anan ne na yi laifin farko, don kunnena ɗaya na wajensa, ɗayan na wajen auta da ke ƙoƙarin cusa usur a baki. Yaya kuwa ta kafa masa ido kamar za ta haɗiye shi.

Abin da na ji ke nan: alwatika mai launin shunayya shi ne mafari, kowane da'ira tuta ce, da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya kuma ƙarshen tafiya. Shuɗi ruwa, baƙi hanya da duwatsu, layukan ruwan ƙasa tudu da kwari. Santimita ɗaya a takarda mita ɗari ce a ƙasa. Sauran na ce a raina ai sai a hanya.

Tutoci huɗun farko duk a gefen hanya suke, ba su ba mu wahala ba. Tutar ƙyalle ce mai fuska uku, kowace fuska an raba ta a karkace, rabi fari rabi ruwan lemo, a jikinta kuma an rataye wani ɗan ƙarfe mai allurai da ake matse katin da shi. Kowace tuta da irin hujin da take bari, don haka ba ka isa ka ce ka je inda ba ka je ba. Yaran maza suka mayar da huda katin abin faɗa, sai da mamansu ta raba musu layi. Na tsakiyan ya ɗauki aikin ƙirga taku, ya kai saba'in da wani abu, ya hango wani ƙwaro mai sheƙi a jikin ruɓaɓɓen gungume, lissafi ya watse. Minti goma muka yi a tsugune muna kallon ƙwaron nan. Wanda duk ya shiga daji da ƙananan yara da agogo a zuciyarsa, shi ya so wa kansa hawan jini.

Daga ta huɗu zuwa ta biyar hanya ta yi wani dogon zagaye. Na duba taswira na ga tsakaninsu bai kai santimita uku ba idan aka yanke, sai wani ɗan kore mai duhu a tsakiya. Na ce mu yanke.

"Baba, koren nan fa sarƙaƙiya ce," in ji Yaya. "Mutumin ya ce fari shi ne dajin da ake iya wucewa."

Na yi dariya. Wane ne bai san kore na nufin itatuwa ba? Ashe ni ne ban sani ba. A irin wannan taswira, fari daji ne mai sarari a ƙarƙashi, rawaya fili ne, kore kuwa gwargwadon duhunsa gwargwadon cunkoson ciyayi da ƙaya. Muka kutsa, auta a wuyana, rassa na dukan fuskata, ƙaya ta kama rigar na tsakiyan ya tsaya cak yana kuka. Maman yara ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Abin da zai ɗauke mu minti goma ta hanya ya cinye kusan rabin awa.

Da muka ɓulla kan wata siririyar hanya na ɗaga taswira kamar mai karatun jarida, rubutu a miƙe, na ce hagu za mu yi. Yaya ta miƙo hannu.

"Baba, ara min kaɗan."

Ta shimfiɗa takardar a tafin hannunta, ta ɗora kamfas a kai, ta jira allurar ta daina rawa. Sannan ta riƙa juya taswirar a hankali har jan bakin allurar ya bi layukan arewa da aka zana a jiki. Rubutun ya koma a kife. Ashe kudu muke fuskanta, hagun da nake gani a takarda dama ne a ƙasa. Ta danna babban yatsanta a kan wani siririn layi shuɗi, ta ce mu yi shiru. Muka yi shiru, har auta. Can ta hannun dama, ƙasa-ƙasa, muka jiyo rafi na gudu a kan duwatsu.

Tun daga nan ba ta ɗauke yatsan daga takardar ba. Muka wuce katon dutse, ta matsar da shi kan baƙin ɗigo. Muka zo mararraba, ta matsar. Ni dai na koma ɗan dako, ina biye da goran ruwa da auta. Tuta ta biyar na maƙale bayan dutse a bakin rafin, kuma na tsakiyan ne ya fara hango ta, kukan ƙaya ya koma ihu.

Ana cikin murnar auta ya samu usur ɗin ya busa da ƙarfinsa. Mamansa ta fizge da sauri, don an gargaɗe mu cewa busa shida a jere alamar neman agaji ce, kuma duk wanda ya ji zai bar tafiyarsa ya nufo mu. Sa'a ya tsaya a biyu.

Ta shida da ta bakwai Yaya ta kai mu ba gardama. Mun iso teburin bayan awa biyu da 'yan mintoci, masu tattara kaya har sun fara naɗe igiyoyi. Dole ne kowa ya dawo ya nuna kansa ko bai gama ba, in ba haka ba a shiga daji nemansa. Dattijon ya ɗaga katin yana duba hujin a hasken rana, ya ga gida na biyar ya kusa yagewa saboda yaran maza kowa sai da ya matsa. Ya dubi ƙafafuna da ƙaya ta zazzane, ya dubi taswirar a hannun Yaya.

"Malam, ta koren kuka bi?"

Na ce eh. Bai ƙara komai ba, ya rubuta lokacinmu. A mota auta ya yi barci tun ba a tayar ba, Yaya kuma ta buɗe taswirar a cinyarta tana juya ta duk lokacin da muka sha kwana.