Girkin Gida a Lokacin Kulle

Da aka kulle Kumasi da Accra ranar 30 ga Maris, 2020, saboda annobar korona, mu matan unguwar Aboabo da ke Kumasi mun koma madafa gadan-gadan, muna aika wa juna bayanin girki ta WhatsApp. A lokacin ne yayata da ke unguwar Nima a Accra ta koya mini yadda take dafa shinkafa da wake: a jiƙa waken tun dare, a tafasa shi da karan dafi da 'yar kanwa har ruwan ya yi ja, sannan a zuba shinkafa. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne fasa ziyarar Sallah da muka shirya kai wa kakarmu a Yamai, domin iyakokin Ghana na kan tudu sun kasance a rufe har Maris na 2022.