Laraba, 15 ga Oktoba 2025: nono ya kawo, ɗa ya koma

Ina idar da sallar asuba ungozomar da muke aiki tare ta kira. Yarinya ce 'yar shekara 22, cikin fari, wata tara cif. Ta haihu Lahadi wajen sha ɗayan dare, ɗan ya zo ba rai, Litinin da hantsi aka sallamo ta. Na saka na'urar awon jini, ma'aunin zafin jiki, audugar mata da littafina a jaka, na tari adaidaita.

Na tarar da tsakar gida cike da 'yan gaisuwa, kowa na "Allah ya sa mai ceto ne", ita kuwa tana ƙuryar ɗaki ta dafe ƙirji. Abin da aka fi mantawa ke nan. Jiki bai san ɗa ya koma ba, kwana biyu zuwa uku nono zai kawo, ya cika ya yi tauri kamar dutse. Wata gwaggonta ta sa ta tana ta tatsewa tana gasawa da ruwan zafi, alhali duk abin da aka tatse jiki sake cika shi yake yi, zafi kuma ƙara saukar da shi yake yi. Na ce a bari. Rigar nono mai kama jiki dare da rana, ba ɗaurin zane har numfashi ya gagara ba. Tsumma mai sanyi ko ganyen kabeji daga firij, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Farasitamol don ciwo. In ya matsa ƙwarai a tatse ɗan kaɗan don a samu sauƙi kawai. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan lafa. Akwai ƙwayar cabergoline da likita ke bayarwa, 1 mg sau ɗaya a ranar farko, amma ba a ba mai hawan jini, shi ya sa ban taɓa cewa a je kemis a sayo ba. In wuri ɗaya ya yi ja ya ɗau zafi ga zazzaɓi, wannan na asibiti ne.

Na auna ta: 152/98, ƙafafu a kumbure, kai na sara mata tun jiya. Daga 140/90 hawan jini ne, 160/110 kuwa ba a kwana da shi a gida, kuma jijjiga tana iya kama mace bayan ta haihu, ba sai da ciki a jikinta ba. Ga kwanon kunun kanwa a gefen katifa, ga tukunyar wankan jego tana tafasa a waje. Na durƙusa na gaida surukarta, na ce, "Hajiya, a yi mini alfarma a ɗaga kunun nan. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, jininta kuma ya riga ya hau." Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta. Ban kawo mata zancen Zariya ba, na nuna mata lambar da ke jikin na'ura, na auna nata jinin don ta ga bambanci. Ta yarda da kunun gyaɗa da ruwa mai ɗumi.

Sai katin awo. Sau biyu kacal ta je, kuma gurbin rukunin jini babu komai. Wannan ya fi tayar mini da hankali saboda agogo. In mace mai jinin negetif ce, ana so a yi mata allurar anti-D cikin awa 72 da haihuwa, in ba haka ba jikinta na iya yaƙar jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba. Awa 72 ɗinta sha ɗayan daren yau suke cika. Masu negetif ba su da yawa a cikinmu, amma gwajin na 'yan mintuna ne.

Kafin mijin ya samo motar kai ta asibiti na zauna da ita muka rubuta abin da ake iya tunawa, don nan da wata biyu kowa zai ce "ƙaddara ce" a rufe zancen. Ƙaddara ce, babu musu, amma likitan ciki na gaba zai so ya san yaushe motsi ya tsaya, fatar jaririn ta saɓule ko lafiya lau take (in ta saɓule ya jima da rasuwa a ciki, in ba ta saɓule ba galibi a naƙuda aka rasa shi), nauyinsa nawa, an ga gudajin jini a bayan mabiyiya ko ba a gani ba, nawa jininta yake da aka karɓe ta, awa nawa ta yi tana naƙuda. Ta ce tun Juma'a motsi ya ragu, aka ce mata ɗa in ya kusa fitowa barci yake yi. Ba gaskiya ba ne, kuma maganar nan ta ci 'ya'ya da yawa. Na rubuta gwaje-gwajen da za su roƙa: sukari, yawan jini, maleriya, da VDRL na tunjere, ita da shi. Cikin gaba kuma awo tun wata na biyu, folik asid tun kafin a ɗauka, Fansida na rigakafin maleriya daga mako 13 duk wata, a kuma tambayi likita batun ƙaramin asfirin daga mako 12 tunda jininta ya hau.

A soro mijin ya tare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Anti, ba a yi masa salla ba. Mun yi laifi?" Na ce, Malam, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, jaririn da bai yi kuka ba ba a sallatarsa, ana goge masa jini a naɗe shi a binne; Hambaliyya kuma suna ganin in ya kai wata huɗu a yi masa wanka da salla. Ka ƙara tambayar limaminku. Na roƙe shi abu biyu. Ya gaya wa matarsa kamannin ɗan da inda aka binne shi, don ba a nuna mata ba kuma ta tambaye ni sau uku. Kayan jariri kuma kada a kwashe a bayan idonta, a tambaye ta tukuna. Shi ma ba wanda ya ce masa ya haƙuri, sai aike ake ta yi da shi.

Ta tambaye ni ko ina da yara. Na ce na binne ɗaya, ban ƙara samu ba. Iyakar abin da nake faɗa ke nan a gidan rasuwa, ranar tata ce. Yau ce ma ranar da a Amurka da Ingila ake kunna kyandir da bakwai na yamma don jariran da aka rasa. Mu nan ko kwanan wata ba a riƙewa, ni dai ina rubuta shi a littafi in kira uwar idan shekara ta zagayo.

Da azahar suka bugo daga asibiti: jininta O fozitif ne, ba ta buƙatar allurar, amma sun riƙe ta kwana ɗaya saboda hawan jinin.

Bayan la'asar wata ta zo gida, shekara shida da aure, ɓari ɗaya a shekarar farko aka yi mata wankin ciki, tun daga nan al'adarta kwana ɗaya take yi, ɗigo-ɗigo. Dangin miji sun fara kiranta juya. Ta zazzage mini leda: tsimi, jiƙe-jiƙen sanyi, da Clomid da ta kusa shekara tana sha daga kemis. Maganin nan ƙwai kawai yake tunzurawa, ba a wuce zagaye shida da shi, kuma in hanya a toshe take ko mahaifa ta manne ko matsalar daga miji take, ko buhu aka sha ba abin da zai yi. Al'ada da ta ƙanƙance bayan wankin ciki, mannewar mahaifa nake fara zargi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da rashin haihuwa a rayuwarsa. Kusan rabin lokuta kuma da hannun namiji a ciki. Duk da haka mace ake fara jiƙawa da magani. Na jera mata yadda ake bi. Shekara ɗaya ana tare ba ciki sai a fara bincike, wata shida in ta haura 35. Hoton HSG na hanyoyin mahaifa tsakanin rana ta 7 da ta 10 daga fara al'ada, bayan jini ya ɗauke, ta sha maganin ciwo kafin ta shiga don yana murɗa mara. Gwajin jini na progesterone, don a ga ko tana fitar da ƙwai, mako ɗaya kafin al'ada ta gaba, wato rana ta 21 ga mai zagayen kwana 28. A duba prolactin, sinadarin da ke sa nono ya kawo, da sinadarin maƙoshi (thyroid), musamman in nono na fitar da ruwa ba goyo. Amma kafin duk wannan, gwajin maniyyi, shi ne mafi arha kuma ba ciwo.

Mijin na waje a kan babur, na sa aka shigo da shi. Na ce, "Ɗana, samun ciki sau ɗaya shekara biyar da suka wuce ba ya wanke kowa, jiki na canzawa." Ya yi shiru, can ya tambayi yadda ake yi. Kwana 2 zuwa 7 ba kusantar iyali. A karɓo kwalba daga ɗakin gwaji, ba kwaroron roba ba don yana kashe ƙwayoyin. Kada farkon ya zube, nan ƙwayoyin suka fi yawa, in ya zube a faɗa musu. A kai cikin awa ɗaya, a aljihun da ke manne da jiki, ba cikin but ɗin babur a rana ba. In sakamako ya yi ƙasa da miliyan 16 a kowace mililita ba a yanke hukunci, ana maimaitawa bayan wata uku, don zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya karya lambar. Ya ce ya yi maleriya makon jiya, sai muka ɗaga nasa gwajin zuwa tsakiyar Janairu, ita kuma ta ajiye Clomid daga yau ta kira ni ranar da ta ga jini don mu ƙirga ranar hoto.