Daga ƙusa zuwa tsaga: yadda muke koyar da hawan dutse na gargajiya

Wanda ya saba hawa kan ƙusoshin da aka riga aka dasa yakan zo mana da ƙarfin hannu, amma idonsa bai san dutse ba tukuna. A hawan ƙusa wani ne ya huda dutsen ya kafa ƙarfen, naka kawai ka saƙala igiya ka wuce, kuma ƙusa mai kyau tana ɗaukar kilonyuton 25, wato wajen nauyin tan biyu da rabi. A hawan gargajiya kuwa babu abin da ke jiranka a jikin dutsen. Kai ne za ka rataya kayan kariya a ɗamararka, ka nemi tsaga, ka kafa, na bayanka ya cire. Aikinmu ke nan a nan Kaduna, a duwatsun Kajuru da na Kufena a Zariya.

Kwanakin farko ƙafar ɗalibi ba ta barin ƙasa. Da noti muke farawa, ɗan curin ƙarfe mai waya a gindi. Ana neman inda tsagar ta tsuke ta ƙasa, a zura shi daga sama, a ja har ya zauna, gefensa biyu duk suna manne da dutse. In kusurwa ɗaya ce kawai ta taɓa, to a cire a sake. Wasu daga cikin mafi ƙanƙantar notoci kilonyuton 2 kacal suke riƙewa, ba a yi su don faɗuwa ba, komai kyan zamansu.

Sai kam, mai leɓɓa huɗu da ke buɗewa su danne bangon tsaga idan aka ja shi. Ray Jardine ne ya ƙirƙiro irin da aka fara sayarwa a 1978 da sunan Friend. 'Yan hawan ƙusa sun fi son sa don yana da saurin sakawa, kuma a nan suke yin kuskure. Leɓɓan su kasance a matse tsakanin rabi zuwa kashi 90 cikin ɗari. In sun buɗe da yawa, ba riƙo. In an matse su ƙurmus, ya maƙale ke nan, sai dai a bar wa dutse kuɗi mai yawa. Wutsiyarsa ta kalli inda nauyi zai ja. Sannan kam yana tafiya: igiya na kaɗawa, shi kuma yana rarrafawa ciki har ya faɗa inda tsagar ta faɗaɗa. Maganinsa maɗauri mai tsawon santimita 60, wani lokaci 120, tsakaninsa da igiya. Gajerun ƙugiyoyin da aka saba da su a hawan ƙusa su ne ke ɗaga noti daga mazauninsa.

Kariyar farko dole ta jure ja ta sama da ta ƙasa. In mai riƙe igiya ya tsaya nesa da gindin dutse, da mai hawa ya faɗi igiya za ta miƙe, notocin su riƙa fita daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya kamar ana warware ɗinki.

Dutsenmu na nan yana saɓa kamar albasa saboda zafin rana da sanyin dare. Sai ka ga tsaga mai kyau, ashe ɓawo ne. A ƙwanƙwasa da tafin hannu. In ya yi amo kamar ganga, kada a sa kam a bayansa, don ƙarfin buɗewarsa zai iya ɓalle shi. A kuma leƙa kafin a cusa hannu, rina da kunama ba sa biyan haya a nan. Hular kwano kuwa dole ce, ba a ma maganarta.

A sama ana haɗa turke, wato inda ake ɗaure kai da igiya, da kariya uku aƙalla, kusurwar maɗauran kada ta wuce digiri 60. Idan ta kai 120, kowane ɓangare yana ɗaukar nauyin gaba ɗaya, rabon ya tashi a banza.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kayan jabu. Mutum zai shigo da ƙugiyar rataya makulli da igiyar ɗaurin kaya, ya ce, "Malam, ai duk ƙarfe ne, a rage mini kuɗin hayar kaya." Ƙugiyar gaske tana ɗauke da tambarin inganci na CE ko UIAA, da lambar ƙarfinta, aƙalla kilonyuton 20 a tsaye, 7 a gicciye. Igiyar hawa kuma tana miƙewa ta shanye faɗuwa. Wadda ba ta miƙewa ƙugun mutum da kariyarsa take tura wa bugun. Gwanjon da ba a san tarihinsa ba ma ba ma karɓa, duk arharsa. Haka masu cewa a taƙaita musu darasin zuwa kwana biyu, tunda sun iya hawa mai wuya. Ba ma yi. Sai mutum ya bi bayan malami ya cire kariya a hanyoyi da yawa, sannan ya gwada jagora da igiya ta biyu daga sama, malami ya bi ya duba kowane noti, kafin mu sake shi a hanyar da ta fi wadda ya saba sauƙi nesa ba kusa ba.

Muna fita daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, dutse a bushe, tafin hannu ba gumi. Da damina gansakuka ke rufe tsagogin, sai mu koma gyaran kaya da koyar da ƙulli a ƙasa.