Irin wuta-wuta ya koma barci, ni kuwa na ce dawar Kawu ce ta fi ƙarfinsa

Watanni huɗun da suka salwanta na riga na haƙura da su. Wayar da na buga wa Kawu ce har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na kira shi da daddare, ina tsaye a bakin ɗakin gwaji, na ce masa, "Kawu, dawar nan taka wuta-wuta ba ta jin kiranta. Kada ka sayar da ko tiya ɗaya." Ya ɗan yi jim, ya ce, "To, ɗana, amma fa bara ta fito mini a gefen gabas." Na ce masa wataƙila wani iri ne ya gauraya. Da bakina na faɗi haka ga mutumin da ya shekara arba'in yana noma gonar.

Duk wanda ya taso a gidan noman dawa ya san wuta-wuta, ko ƙuduji kamar yadda wasu ke ce mata, ya kuma san kafin furenta ya bayyana ta riga ta gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Irinta kamar ƙura yake, tsiro ɗaya na zubar da dubbai, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Guzurin da ke cikin kowace ƙwaya na 'yan kwanaki ne, in ta tsiro ba ta tarar da saiwar da za ta kama ba, mutuwa za ta yi. Shi ya sa ba ta motsi sai ta ji saƙo daga saiwar dawa ko gero ko masara. Saƙon wani sinadari ne da ake kira sitirigolakton, wanda aka fara tace irinsa a Amurka a 1966, daga saiwar auduga. An daɗe ana mamakin abin da zai sa shuka ta riƙa kiran maƙiyinta, sai a 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa kiran ba na wuta-wuta ba ne, na wani naman gwari ne mai zare-zare da ke cikin ƙasa, wanda ke kawo wa saiwa fosfaras, wani sinadarin abincin shuka, ita kuma ta ba shi sukari. A 2008 kuma aka gano cewa sinadarin nan ne shuka ke amfani da shi a jikinta wajen hana kanta yawan rassa. Laɓe kawai wuta-wuta take yi tana sauraron zancen da ba da ita ake yi ba.

Aikin digirina na biyu shi ne in gwada dawa iri 12 da na tattaro daga ƙauyuka da kasuwanni, kaura da farafara da wasu da sunansu bai wuce garinsu ba, in ga ko akwai wadda ruwan saiwarta ba ya tayar da irin wuta-wuta. Ina da dalilin sa rai. Akwai dawar da ake kira SRN39, wadda a 2017 ɗakin binciken Gebisa Ejeta, ɗan Habashan nan da ke Jami'ar Purdue, ya bayyana sirrinta: sauyi a ƙwayar gado ɗaya, LGS1, ya sa take fitar da wani nau'in sitirigolakton daban wanda wuta-wuta ba ta jinsa sosai. Na sa a raina cewa a rumbunan mutanenmu ma ba za a rasa irinta ba.

Kafin irin wuta-wuta ya iya jin saƙo sai an jiƙa shi. Za ka wanke shi da ruwan bilic, ka ɗauraye, ka shanya, ka barbaɗa shi a kan 'yan ƙananan takardun tacewa da aka yanka kamar maɓalli, ka jera a faranti mai damshi, ka rufe, ka naɗe da takardar alminiyam don kada haske ya shiga, ka sa a akwatin ɗumi a kan digiri 30 har kwana 14. Yini guda cur aikin nan yake ci, kana sunkuye, ko numfashi ka yi da ƙarfi irin ya tashi. Teburin da aka ba ni kuma ba ya ɗaukar tukwanen dawa fiye da iri biyu ko uku a lokaci ɗaya, don haka gwajin sai ya ci mako biyar. Sai na yi dabara a ganina: na jiƙa irin wuta-wutar da zai ishe ni gwajin gaba ɗaya a rana ɗaya, na cika akwatin ɗumi, kowane mako in ciro abin da nake bukata.

Wannan ita ce rabin ɓarnar. Ɗaya rabin GR24 ne, sitirigolakton na haɗi da kowa ke sawa a matsayin shaida, don a tabbatar irin yana da rai kuma yana ji. Daga waje ake sayo shi, da tsada, sai a yi watanni ana jira. Wani da ke gaba da ni ne ya tsakuro mini ɗan kaɗan a kwalba, narke a asiton, ina lallaɓa shi a firiza kamar ƙwai. A makon farko na ɗiga shi, bayan kwana biyu na duba a madubin ƙara girma, farar saiwa ta fasa kusan kowace ƙwaya. Na ce alhamdulillahi, iri yana da kyau, na mayar da kwalba firiza don kada ta ƙare. Daga nan ruwa zalla kawai nake sawa a farantin shaida, kowane mako ya ba ni sifili, ni kuma hankalina ya kwanta. Ban tsaya na yi tunanin cewa ruwa zalla abu ɗaya yake gaya maka ba, wato irin ba ya tsirowa haka kawai. Ko yana iya tsirowa in an kira shi, wannan ruwa ba shi da ta cewa.

Mako na ɗaya da na biyu farantai suka cika da tsiro. Na uku ya ɗan ragu. Na huɗu ya ragu sosai, har na fara kasa barci don murna. Dawar Kawu ce ta zo ƙarshe, a mako na biyar, don ita ce ta iso hannuna a makare, a ƙulle cikin leda a buhun gero da ya aiko wa Inna. Na ƙirga takardun nan ɗaya bayan ɗaya, a kowace da ƙyar in ga ƙwaya biyu ko uku sun fasa. Na sake ƙirgawa. Hannuna na rawa na fito waje na buga wayar nan.

Da na kai wa Malama, mai duba aikin digirina, sakamakon, na jera sunayen dawar daga mai tayar da iri da yawa zuwa mai kaɗan. Ta duba, ta karɓi littafin aikina, ta ɗauki biro ta rubuta ranar gwaji a gefen kowane suna. Ba ta ce komai ba, ta juyo mini da takardar. Jerin nawa da jerin ranakun abu ɗaya ne, kamar matakalar bene. Sai ta ce, "Ina farantin GR24 na mako na biyar?" Na ce, "Ranki ya daɗe, na makon farko kawai na yi, maganin kaɗan ne." Ta ce, "Irin wuta-wutar kwanansa nawa a jiƙe ranar da ka gwada ta kawunka?" Na lissafa a gabanta. Kwana 42.

Baba mai kula da ɗakin gwaji, wanda ya fi shekaruna yana wannan aiki, shi ya raka ni muka ciro ragowar takardun. Muka ɗiga wa wasu GR24, muka sa wasu a ruwan tetirazoliyam, wanda ke mayar da ƙwaya mai rai ja. Na tetirazoliyam suka yi ja, wato irin lafiyarsa ƙalau. Na GR24 kuwa, maganin da ya tayar da su gaba ɗaya wata guda da ya wuce, ƙalilan ne suka motsa. Baba ya ɗago daga madubi ya ce, "Bai mutu ba, yaro. Barci ya koma. Da ka tambaye ni da na gaya maka." Ban tambaye shi ba, kullum kuma yana zaune taku biyar daga teburina.

Abin sananne ne, yana rubuce, ni ne na karanta rabi na bar rabi. Jiƙon nan yana buɗe kunnen irin a hankali, cikin mako biyu zuwa uku jinsa ya ninka ninkin-ba-ninkin, amma in damshi ya daɗe babu kira sai ya sake toshewa, ya koma barcin da ba ya farkawa sai ya bushe an sake jiƙa shi. In ka dubi rayuwar gona za ka ga hikimar: ruwan farko ya sauka, iri ya shirya, in shuka ta yi saiwa a kusa ya tashi, in damina ta yi nisa babu kowa ya haƙura sai baɗi. A 2015 ne masu bincike a Kanada da Japan da Amurka suka gano ainihin kunnuwan, wasu furotin ne masu karɓar saƙo da ake kira HTL. Wuta-wutar dawa tana da aƙalla guda 11, kuma na bakwai, ShHTL7, yana jin sinadarin ko da ɗigonsa bai kai a ce akwai ba. In sitirigolakton ya shiga aljihun furotin ɗin, sai ya tsinka shi, ya sauya siffa, ya kama wani furotin mai suna MAX2, su biyun su sa wa furotin ɗin da ke danne tsirowa alamar rushewa. Da an kawar da mai dannewar, ƙwayoyin gadon da ke rufe su buɗe, iri ya fara fitar da iskar etilin, saiwa ta fasa ɓawo. Asalin kunnuwan nan ma daga wani furotin ne da wasu tsirrai ke jin sinadarin hayaƙin gobarar daji da shi. Duk wannan na iya zana shi a allo tun kafin in fara aikin. Abin da bai shiga kaina ba shi ne, a kowane faranti abu biyu nake aunawa a tare, ƙarfin muryar dawa da lafiyar kunnen wuta-wuta, ni kuma na bar ɗaya yana lalacewa ina ɗora wa ɗayan.

Garin neman ƙiba na samo rama. Na tsimi GR24 da bai fi ɗigo kaɗan a mako ba, na tsimi yini huɗu na jiƙo, na biya da wata huɗu, don ruwan saiwa ba ya ajiyuwa, sinadarin yana lalacewa a ruwa cikin kwanaki, musamman ruwa mai kanwa-kanwa. Dole na sake shuka komai daga farko, ga zafin bazara ya shigo, ga wutar lantarki tana yi mana yadda ta saba.

A zagaye na biyu kowane mako sai na jiƙa sabon iri, yadda duk wanda zan yi gwaji da shi kwanansa 14 daidai. Kowane zama akwai farantin GR24, ko da kuwa sai na sirka shi sosai, kuma da shi nake auna sauran, in ya gaza a ranar to aikin ranar gaba ɗaya na zubar. Na daina bin iri-iri a jere, na rubuta sunayen a takarda na ƙudundune na zuba a hula, abin da hannu ya ɗauko shi ne na makon, kuma kowace dawa sai ta fito a makonni daban-daban. Da na yi ko da wannan na ƙarshen tun farko, da matakalar ba ta ruɗe ni ba. In kana shirin irin wannan aiki kuma GR24 ɗinka kaɗan ne, rage yawan dawar da za ka gwada, kada ka taɓa farantin shaida. Kuma duk sakamakon da ya faranta maka rai, kafin ka gaya wa kowa ka jera shi bisa kwanan wata ka duba.

Abu ɗaya da ya yi daɗi a zagayen nan shi ne na fosfaras. Malama ta sa na raba tukwane biyu, wasu na ba su cikakken abinci wasu na hana su fosfaras. Ruwan saiwar waɗanda suka ƙoshi da ƙyar yake tayar da iri, na masu yunwa kuwa faranti ya cika. Shuka mai yunwa ce ke ɗaga murya tana kiran naman gwarin nan, wuta-wuta ta ji. Abin da manoma ke faɗa ke nan tun kaka da kakanni, cewa gonar da ta gaji ita wuta-wuta ke ci, gonar da ta sha taki kuwa da sauƙi. Na gan shi da idona a cikin faranti.

Dawar Kawu ta tayar da wuta-wuta kamar kowace, tana tsakiyar jeri. A cikin 12 ɗin babu wadda ta yi shiru.

Ban yarda in faɗa masa a waya ba, mota na shiga na je. Na tarar ya riga ya auna wa maƙwabta uku tiya-tiya, ya gaya musu ɗansa na jami'a ya gwada. Na zauna a kan tabarma na yi masa bayani tun daga jiƙo har zuwa barcin iri. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba, bai kuma tuna mini maganar gefen gabas ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "To, tashi mu je ka gaya musu da bakinka, kada su zuba ta a gonar da ba taki." Bayan la'asar muka bi gidajen uku ɗaya bayan ɗaya, yana gaba ina biye. A gida na ƙarshe maigidan ya tambaye ni ko takin supa zai yi maganinta. Na ce zai rage, in an haɗa da takin gargajiya kuma ana tuge ta kafin ta zubar da iri, amma ba zai kawar da ita a damina ɗaya ba. Ya ce in na koma in gwada masa tasa farafarar, ya shiga ciki ya ƙullo mini ita a leda.