Ni da Sandata, daga Bronx zuwa Las Vegas

Daren da za mu tashi, ƙarfe ɗaya ta same ni tsugune a tsakiyar falo, tef ɗin ɗinkin uwargida a wuyana, ina auna jaka kamar zan yanka mata riga. Ta leƙo daga ɗaki, ta dube ni, ta dubi kayan da na baje, ta ce, "Abban yara, lokacin da muka je Umara ma ba ka yi wa kayana wannan hidimar ba." Na yi shiru, don gaskiyarta ce.

Duk a kan sanda ne. Sandar wasan da a Kano muke ce wa sunuka, ko da yake abin da muka taso muna bugawa a rumfunan bakin titi, mai ƙwallo goma sha biyar da baƙa a ƙarshe, a nan Amurka pul ake ce masa. Sunuka ta ainihi teburinta ƙafa 12 ne. A gida ban taɓa mallakar sanda ba. Ka zo, ka zari wadda ke jingine a bango, ko ta karkace kamar ƙotar fartanya, ka goga alli ka buga. Sai da na zauna a Bronx da ke birnin New York, na shiga wata ƙungiyar unguwa da ke buga gasar APA, wato ƙungiyar 'yan wasan pul ta Amurka, duk mako, sannan na sayi tawa: itacen mapul, tsawo inci 58, nauyi oza 19, kusan gram 540 ke nan, tana rabuwa biyu a tsakiya. Shekara shida ina bugu da ita. Ba ta da wata tsada, amma ko ido rufe aka miƙo min wata, kafin na sunkuya na san ba ita ba ce.

To, sai Allah ya ba mu sa'a muka tsallake zuwa babbar gasar da APA ke yi duk watan Agusta a otal ɗin Westgate da ke Las Vegas. Mu bakwai ne. Uku Hausawa: ni, da shugabanmu wani dattijo ɗan Damagaram da kowa ke kira Baba, da wani yaro ɗan Zangon Kumasi mai ce min Kawu. Sauran 'yan Dominika ne, sun riga mu tafiya da kwana ɗaya.

Matsalar ita ce ba a shiga jirgi da sandar pul a hannu a Amurka. Hukumar TSA mai binciken fasinjoji ta sa ta a layi ɗaya da kulkin besbol da sandunan golf, abubuwan da za a iya maka wa mutum. A 2013 hukumar ta ce za ta sassauta, ta bar sandar pul da ƙananan wuƙaƙe su shiga, ma'aikatan cikin jirgi suka tayar da ƙura, aka janye maganar kafin ta fara aiki. Don haka dole sanda ta bi kayan awo, ta kwana a ƙasan jirgi tare da akwatunan mutane.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Idan ka kwance sanda, kowane ɓari ya kai inci 29. Kubenta mai tauri, wanda ke cin ɓarin gindin sanda biyu da ɓarin gaba huɗu, ya haura inci 32. Babban akwatin da muke zuwa gida da shi bai kai haka ba, sai dai a gicciya kuben, kuma a gicciye bakinsa na tokarar kusurwa, nan ne kuwa akwati ke fara shan ƙasa idan an jefa shi. Sai na ari wata doguwar jaka mai taya, inci 36. Kamfanonin jirage galibi suna haɗa tsawo da faɗi da kauri, kada su wuce inci 62, nauyi kuma kada ya wuce kilo 23. Tawa ta tsaya cif a kan 62, muddin ban cika ta ta yi tumbi ba.

Na ɗaura wa kowane mahaɗi murfinsa, saboda kusar da ke haɗa ɓarin biyu idan ta lanƙwashe ko da ƙiris, sanda ta tashi aiki. Na cusa safa a bakin kube don kada sandunan su riƙa kai-komo a ciki. Na girgiza shi kusa da kunne har sai da na daina jin motsi. Na shimfiɗa wanduna a ƙasa, na kwantar da kuben a tsakiya, na zagaye shi da riguna, na toshe kai da gindi da takalma. Na jefa AirTag, 'yar na'urar nan mai nuna maka a waya inda kayanka suke, a aljihun kuben, na ɗauki hoton komai, na sa kwaɗon nan mai jan tambari wanda masu bincike ke iya buɗewa da makullinsu ba tare da sun datse shi ba. A waje ban rubuta komai ba sai sunana da lambar waya. Baba ne ya koya min wannan: kube mai kyau a fili kiran ɓarawo ne, jakar tufafi kuwa ba mai kallon ta sau biyu.

Da asuba a filin jirgin JFK, sai ga yaronmu ya taho da sandarsa a kafaɗa cikin kuben yadi, kamar maharbi da kwarinsa. Na ce, "Kai, ba na faɗa maka ba?" Ya ce, "Kawu, jiya na ga mai jita ya shiga da jitarsa a bidiyo. Wace ta fi girma?" Baba ya ce, "Ƙyale shi, Malam. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho."

Ya ji kuwa. Jami'in bai ɗaga murya ba, ya nuna masa hanyar komawa kanta kawai. Akwatinsa ya riga ya wuce, saura minti hamsin a tashi. Muka koma tare, na cire jaket ɗina, Baba ya ba da mayafin da yake rufa da shi saboda sanyin jirgi, muka naɗe kuben yadin muka ɗaure shi da salatif har ya zama kamar jinjiri a zani. Yaro ya biya kuɗin jaka ta biyu, aka kuma ba shi takarda ya sa hannu cewa idan abin ya karye ba ruwan kamfani, tunda ba a kube mai tauri yake ba. Hannunsa na rawa ya sa.

Da gangan na biya ƙarin kuɗi muka ɗauki jirgin da ba ya yada zango. Kowane canjin jirgi hannu ne sabo, da amalanke sabuwa, da wata damar a mance da jakarka a Chicago ko Denver. Kujerata ta taga ce, kuma na yi kuskuren leƙawa lokacin lodi. Ban ga mugunta ba, mutane ne ke aiki da sauri, ɗaruruwan jakunkuna a gabansu. Amma na ga yadda akwati ke faɗowa a kan ɗan'uwansa, na ja labulen tagar.

Sama da awa biyar ne a sama. Don in rage wa yaron zullumi, ko in ƙara masa, ban tantance ba, na ba shi labarin Stephen Hendry, ɗan Scotland ɗin da ya ci kofin duniya na sunuka sau bakwai tsakanin 1990 da 1999. Duka da sanda ɗaya ya ci su, mai arha, ta fam 40, wadda yake riƙe da ita tun yana yaro. A 1990 an taɓa sace ta, aka sa ladan fam 10,000, ta dawo. Ɓarawo bai raba shi da ita ba, sai jirgi: a 2003, yana dawowa daga Thailand, aka miƙo masa ita a karye. Kafin harin 11 ga Satumban 2001 a hannu 'yan wasa ke shiga da sandunansu. Yaro ya ce, "Kawu, don Allah canja hira." Baba na can yana jan carbi, bargon jirgi har wuya, yana hararar mu a kan mayafinsa.

Da muka doshi sauka, ƙasa ta koma ja da ruwan toka, babu ɗigon kore, sai Tafkin Mead da farin zoben da ruwa ya bari a jikin duwatsu da ya ja baya. Na buɗe waya tun muna kan titin jirgi. Ɗigon AirTag na nan kusa da ni. Na ce alhamdu lillahi a fili, har matar da ke gefena ta juyo.

Filin jirgin Harry Reid, wanda har 2021 McCarran ake ce masa, da injinan caca yake tarbar baƙo, tun kafin ka kai wurin kaya suna ta ƙyalli suna kiɗa. Baba ya yi a'uziyya ya ƙara sauri. Jakata ta fito a kan bel cikin na farko. Na ja ta gefe na buɗe nan take, domin idan da ɓarna, kafin ka bar filin jirgi ya kamata ka kai ƙara a rubuta. A tafiyar ƙasa da ƙasa Yarjejeniyar Montreal ta ba da kwana bakwai, a cikin gida kuwa wasu kamfanonin kwana ɗaya kawai suke bayarwa. A saman rigunana na tarar da takardar TSA cewa an buɗe an duba. An mayar da komai yadda yake. Sanda lafiya lau.

Na yaron bai fito ba. Bel ya yi ta juyawa har ya zama ba kowa sai mu. Idonsa ya kawo ruwa. Wani mai shara ne ya tambaye mu abin da muke jira, ya nuna mana wata ƙofa can gefe inda ake fito da dogayen kaya, jakunkunan golf da kekunan jarirai. Ga jinjirinmu nan kwance a ƙasa cikin mayafin Baba. Muka yanke salatif, muka haɗa sandar, muka hanga ta kamar bindiga. Ko ƙwarzane babu. Yaro ya dube ni da murmushin da ya fi zagi ciwo. "Kawu, kai da ka kwana kana awo, ni da ban yi komai ba, duk ɗaya."

Ƙofar fita na buɗewa zafi ya mare mu. Na san zafin Afrilu a Sakkwato, wannan ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, busasshe, mai tsotse leɓe. A Yulin 2024 garin ya kai maki 49. Itace kuwa abu ne mai numfashi: ya sha laimar New York, ya sha sanyin ƙasan jirgi, ga shi yanzu a hamada. Da na shiga ɗaki ban fito da sandar ba sai bayan la'asar. Na bar ta a kube, a tsaye, nesa da taga da bakin na'urar sanyi, ta huce a hankali.

Westgate tsohon gida ne. A da Hilton ne sunansa, kuma a nan ne Leon Spinks ya ƙwace kambu daga hannun Muhammad Ali a Fabrairun 1978, abin da Baba ya ce a rediyo ya ji shi a Damagaram kuma bai ci tuwo ba a daren. Zauren gasar kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Ɗaruruwan tebura a jere, ƙarar ƙwallaye na tashi kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, kowa da kube a baya. A gefe ga 'yan kasuwa, ga masu gyara da injinansu na juyi suna canja fatar bakin sanda. Wasanmu biyu na farko mun ci.

Rana ta uku ba mu da wasa, muka ɗauki hayar mota zuwa madatsar ruwan Hoover, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Yaro ya ce shi ba zai bar sandarsa a ɗaki ba, bai yarda da kowa ba. Ya sa ta a but. Ban gani ba, wallahi da na gani da na yi magana. Muka yini a can, muka dawo a gajiye, mota ta kwana a fili, ta kuma sha ranar washegari har azahar kafin ya tuna.

Da ya ɗauko ta, ko taɓa kuben ba a iya yi. A bugunsa na uku fatar bakin ta ɓalle ta yi tsalle kan tebur, gam ɗin ya saki. Muka ruga wurin mai gyara, wani tsoho mai tabarau a kan hanci. Ya sa sabuwar fata cikin minti goma, sannan ya mirgina gaban sandar a kan tebur. Bakin na ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka, kamar akuya mai ɗingishi. Ya tambaya, "Mota?" Yaro ya gyaɗa kai. Na ce zan ara masa gaban da na zo da shi na ko-ta-kwana, sai zaren kusarsa da nawa ba su zo ɗaya ba, kowane kamfani da irin nasa. Haka ya buga da ita, yana juya ta kafin kowane bugu yana neman gefen da ya fi miƙewa. Aka cinye shi.

Wasa na biyar, na raba gardama, a kaina ya faɗo. Na share ƙwallayena har na kai baƙa. Tana nan kusa da ramin kusurwa, bugun da ko a rumfar Sabon Gari yaro ɗan shekara goma zai jefa. Na sunkuya, na ja, na saki. Ta daki leɓen ramin nan, ta daki na can, ta tsaya a baki tana kallo na.

A dawowa sandar yaron a jakata ta kwana, kusa da tawa, tsakanin wandunan da suka yi datti. Mun sauka JFK tsakar dare. Ina shiga gida ban ko cire takalmi ba, na kawar da kwanuka daga teburin cin abinci, na haɗa sandata na mirgina. Ta tafi sumul daga wannan baki zuwa wancan, ko gezau. Na sake mirginawa, ko Allah zai sa in ga ɗan ɗingishin da zan fake da shi. Babu.

Uwargida ta fito tana mutsuke ido. "Sannu da zuwa, Abban yara. Sanda ta zo lafiya?" Na ce lafiya ƙalau. Ta ce, "Madalla. To ina kofin?"

Kafin in haɗa amsa waya ta yi ƙara. Yaron ne, ya tura saƙon murya a zauren ƙungiya, yana yi wa waɗanda ba su je ba bayani cewa zafin Las Vegas ne ya cuce mu, ya lanƙwasa mana sanduna. Mana, in ji shi. Na saurara sau biyu, ban gyara masa ba.